Da Yaji Ko Babu

Bayan la'asar, Gadarif, bakin kasuwar riɗi.
Ina juya agashe, hayaƙi na cin idona,
sai na ji usur, sai na ji birki.
Rakshar Attayyib ce, ɗan Gambo magini,
wanda uwarsa ta sayar da tumaki biyu
ta cike masa kuɗin taya.

Su uku ne. Mai igiya biyu ya zare makulli
tun kafin sallama.
Takarda. Ga ta.
Ɗayar fa? Ga ta.
To, wadda ba a rubutawa?
Yaro ya ce tun safe ko na mai bai haɗa ba.
Kunnena ya riga idona sanin marin.

Ni ba jarumi ba ne, a rubuta wannan.
Shekara sha tara ina sunkuye a kan gawayi,
na ƙware da rashin gani.
Babana ya hore ni:
ko a bakin Nilu aka binne cibiyar kakanka,
in ka ga kaki, ka ƙirga yatsun ƙafarka.
Shi ma ya ƙirga, ran da aka tsinka masa haƙarƙari
a tashar Madani,
mutum ɗari suna wurin, washegari ba ko ɗaya.

Amma yau hannu ya yi mini gardama.
Hannu mai maiƙo, mai garin ƙuli,
ya laluba aljihu
ya ɗaga wayar da fuskarta ta tsage tun bara.
Jan ɗigo ya fara ƙiftawa.
Gwiwata na kaɗa ganga, naman na ƙonewa,
ban sauke ba.

Kai, mai nama! Sauke!
Bakina ya bushe ƙamas.
Sai na ji motsi a bayana:
Usaila tela ya ɗaga tasa,
ɗalibai biyu daga kan lori,
wani balarabe mai buhun dawa da ban san sunansa ba.
Hajja Kaltume mai shayi ta miƙe daga kujerarta
ta saita tata sosai a ƙirjin mai igiya biyu.
Ni na san wayar nan.
Tocila ce kawai a kanta, ko hoton ƙuda ba ta ɗauka.
Shi bai sani ba.

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya
kamar mai neman wanda ya fi arha.
Ya gyara hula.
Ya jefa makulli a ƙasa, ba a hannu ba,
ya ce a kiyaye gaba.
Waye zai kiyaye, bai faɗa ba.

Da dare muka kalla a zauren Gambo.
Babban yatsana ya cinye rabin hoton,
sauran hayaƙi ne da takalma
da numfashina kamar na rago a tudu.
Amma fuskar ta fito, da lambar ƙirji,
da muryar da ke tambayar takardar da ba a rubutawa.
Uwar Attayyib ta ce a maimaita.
Sau huɗu.
Ta ce, silifansa ɗaya ya fita, wa ya ɗauko masa?

Matata ta ce in goge, muna da 'ya'ya.
Na ce saboda su ne.
Ta ce haka kowa ke faɗa kafin a zo ɗaukarsa.
Ba ta yi ƙarya ba.
Na tura wa Usaila, ya tura wa ƙaninsa a Kasala,
na kwana ina jin kowace mota.

Jiya ya zo, ba kaki, da jallabiya fara.
Ya tsaya inda hayaƙi bai kai ba.
Ya ce, tsinke biyar.
Ya ce, abin nan, yana nan?
Na juya nama, na juya,
na ɗaga kai na dube shi cikin ido,
abin da babana ya mutu bai yi ba.
Na ce, da yaji ko babu?

Ya biya. Har na ba shi canji.